Hayar sabon gida a Abuja: Abin da ya kamata mai haya na farko ya sani kafin ya biya

A Jahi da Katampe da Lokogoma da Lugbe, da wuya a wuce layi biyu ba a ga sabon bene da aka rataya wa allon neman 'yan haya ba. Sabon fenti, tayil mai sheƙi, da famfon da babu wanda ya taɓa murɗawa su ne ke jan hankalin matashin ma'aikaci ko angon da ke neman inda zai ajiye amarya, kuma saboda su ne ake ɗora wa sabon gida farashin da ya fi na tsohon da ke maƙwabtaka da shi.

Sai dai mai haya na farko shi ne zakaran gwajin dafi. Shi zai fara gano ko rufin yana yoyo, ko unguwar na cin ruwa, ko wayoyin wuta za su ɗauki nauyin firji da na'urar sanyaya ɗaki. Yana yin wannan gwaji ne bayan ya riga ya miƙa kuɗin shekara guda, wani lokaci biyu. Dokar haya da ke aiki a Abuja ta tsara yadda za a fitar da shi daga gidan, amma ba ta ƙayyade nawa za a karɓa a hannunsa ba, ba ta kuma ce komai kan halin da gidan zai kasance ranar da zai shiga ba. Kariyarsa ita ce abin da ya bincika da abin da ya sa aka rubuta kafin kuɗi su bar hannunsa.

Yadda Abuja ta zama birnin 'yan haya

An kafa Babban Birnin Tarayya da dokar soja mai lamba 6 ta 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, gwamnati kuma ta tare a cikinsa ranar 12 ga Disamban 1991. An tsara birnin ne zango-zango. Zango na farko ya ƙunshi Maitama da Asokoro da Wuse da Garki da tsakiyar gari, inda gwamnati ta fara shimfiɗa tituna da bututan ruwa da magudanai kafin a yi gidaje. A zango na biyu da na uku, inda Jahi da Katampe da Gaduwa da Galadimawa da Lokogoma suke, sau da yawa gini ne ya riga kayan more rayuwa isa.

Manufofi biyu na gwamnatin Olusegun Obasanjo sun yi tasiri a kan haka. A 2000 aka ɓullo da shirin bai wa kamfanoni masu zaman kansu manyan filaye su gina rukunin gidaje, bisa sharaɗin gwamnati ta kai babbar hanya da ruwa da wuta har bakin rukunin, kamfani kuma ya yi na ciki. An gina gidajen, amma a wurare da dama alƙawarin gwamnati ya yi shekaru bai cika ba. A 2003 kuma aka mayar da alawus-alawus na ma'aikata zuwa tsabar kuɗi, daga bisani aka sayar da gidajen gwamnati. Ma'aikacin da aka ɗauka bayan nan ba shi da gidan gwamnati da zai jira, sai kasuwar haya.

Tsadar gini ta ƙara dagula lamarin. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin farashin Naira a watan Yunin shekarar, buhun siminti ya haura N10,000 a wurare da dama a farkon 2024, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disamban 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Wanda ya kammala gini a wannan tsakani yana son ya fanshe kuɗinsa da wuri, kuma aljihun mai haya na farko ne mafi kusa da shi.

Ba duk sabon gini ne ma ake yi don a zauna ba. A Disamban 2024 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya wani rukuni mai gidaje 753 a Lokogoma bisa buƙatar hukumar EFCC, wadda ta ce da kuɗin haram aka gina shi. Irin waɗannan gidaje ma'ajiyar dukiya ce, shi ya sa mai su ba ya gaggawar rage farashi ko da za su shekara a kulle.

Kuɗin da ake biya kafin a karɓi mabuɗi

Farashin da dillali ke faɗa a waya kuɗin haya ne kawai. A al'adar kasuwar Abuja ana ɗora masa aƙalla abubuwa huɗu: la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin ɗari ce, kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya, shi ma sau da yawa kashi 10, kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna, da kuɗin hidima na shekara, wato albashin mai gadi, kwashe shara, man janareta da kula da rijiyar burtsatse. Wasu dillalan ma sai an ba su kuɗin zuwa duba gida kafin su motsa.

A ɗauka, a matsayin misali, an sa wa gida mai ɗaki biyu da falo Naira miliyan 3 a shekara. La'ada N300,000, lauya N300,000, ajiya N200,000, hidima N500,000. Jimilla Naira miliyan 4.3 ke nan, ban da labule da mita da kuɗin motar kwasar kaya. Ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wannan albashin fiye da shekara biyar ne.

Abubuwa biyu ne ya kamata a lura da su a nan. Na farko, waɗannan kaso al'ada ce, ba umarnin doka ba, don haka ana iya yin ciniki a kansu, musamman a sabon gini inda mai gida ke da gidaje da yawa da yake son cikawa lokaci guda. Na biyu, lauyan da mai haya ya biya lauyan mai gida ne, muradin mai gida kuma yake karewa. Kai takardar wa wani lauya daban ya karanta kafin a sa hannu bai kai kashi ɗaya cikin goma na asarar da sharaɗi guda mara kyau kan jawo ba.

Kuɗin hidima ya fi kowanne jawo rigima a sabon gini, domin babu lissafin shekarar baya da za a gwada shi da shi, ƙiyasi ne kawai. Idan gidaje huɗu ne aka shiga cikin goma sha biyu, dole a san tun farko wa zai biya kason takwas ɗin da ke kulle. In ba a rubuta ba, kan mutum huɗun nan nauyin janareta da mai gadi ke faɗawa.

Fili na wa, gini da izinin wa

A jihohi, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna. A Abuja kuwa ƙasa duka ta Gwamnatin Tarayya ce, Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke ba da izinin mallaka da takardar shaidar da aka fi sani da C of O. Takardar sayen fili daga hannun mai unguwa ko dagaci ba ta tsayawa a matsayin wannan izini. Ana tantance takardun fili a ofishin AGIS, wanda aka kafa a 2003 lokacin da Nasir El-Rufai ke minista, izinin gini kuma yana fitowa ne daga sashen kula da tsarin gine-gine na hukumar birnin.

Wani zai ce wannan damuwar mai saye ce, ba ta mai haya ba. Amma idan katafila ta zo, kayan wanda ke cikin gida ake fitarwa waje. Ginin da aka yi a kan hanyar ruwa, ko filin da aka ware don titi ko lambu, ko wanda aka ƙara masa hawa fiye da abin da aka amince, yana iya samun jan fenti a bango kowane lokaci. Bashin harajin fili ma kan shafi mazauna: a Maris ɗin 2025 hukumar birnin, ƙarƙashin Minista Nyesom Wike, ta sanar da soke izinin filaye 4,794 saboda rashin biyan harajin na fiye da shekara goma, a watan Mayu kuma ta fara rufe wasu gine-gine, ciki har da hedikwatar jam'iyyar PDP da ke Wadata Plaza.

Sabon gini kuma shi ne wurin da 'yan damfara suka fi so, domin duk ƙofofin a buɗe suke, babu maƙwabcin da zai ce ga mai gida na gaskiya. Ana nuna gida ɗaya ga mutum biyar, a karɓi kuɗin kowa. Saboda haka ya kamata mai neman haya ya ga mai gida ido da ido, ko ya ga rubutaccen wakilcin da ya bai wa dillali, ya tabbatar sunan da ke kan takardar fili shi ne ke kan asusun bankin da za a tura kuɗi. Idan kamfani ne, ana duba rajistarsa a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC. Ƙwararrun masu kula da kadarori kuma suna da rajista da hukumar ESVARBON, wadda ke iya ladabtar da su, abin da ba ya yiwuwa ga dillalin bakin titi.

Biyan kuɗi a kan gidan da ba a gama ba, bisa alƙawarin “nan da mako biyu za a kammala”, cinikin biri a sama ne. Mai haya ya zama mai ba da rance babu ruwa babu jingina, da kuɗinsa za a sayi tayil da ƙofofi. In har babu makawa, a rubuta ranar miƙa mabuɗi, a rubuta cewa shekarar haya za ta fara ƙirguwa ne daga wannan rana, a kuma riƙe wani kaso sai an gama aiki.

Abin da fenti ke rufewa

Damina a Abuja tana farawa ne wajen Afrilu ta kai Oktoba. Gidan da aka kammala a watan Janairu bai taɓa ganin ruwan sama ba, kyansa a lokacin rani ba shaida ba ce. Bulo da filasta suna ɗaukar watanni kafin su bushe sosai, idan aka yi gaggawar shafa fenti sai ya kumbura ya ɓare, durowar kaya ta fara wari. Idan kuma ba a sa abin tare danshi a harsashi ba, ruwa na hawowa bango daga ƙasa, gyaransa kuma ba na fenti ba ne.

Siririn tsagu a filasta abu ne da aka saba gani yayin da gini ke zama. Wanda ke da hatsari shi ne tsagu mai faɗi da ya tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wanda ya bayyana a jikin ginshiƙi ko dakalin bene, ko ƙofar da ta daina rufuwa bayan 'yan makonni. Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, amma aiwatar da shi ya yi rauni. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard na Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe fiye da mutum 40, sabo ne fil, ba a ma gama shi ba. A Abuja ma an ga ruftawar gine-ginen da ake kan ginawa a Jabi a 2018 da Gwarinpa a 2023.

Ranar duba gida, a buɗe kowane famfo a ga ƙarfin ruwa, a zuba ruwa a banɗaki a ga ko yana bin magudana ko yana kwanciya, a gwada kowace kafar wuta, a duba silin ko da tabon ruwa, a tambayi inda ramin masai yake da nisansa da rijiyar burtsatse. A kuma zagaya bayan katanga, a tambayi masu shaguna da 'yan acaɓa yadda layin ke kasancewa a watan Agusta. Mazauna rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe sun sha ambaliya fiye da sau ɗaya, ta watan Yunin 2023 ce ta sa hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i.

Akwai wata dama da mai haya na farko yake da ita wadda na bayansa ba su da ita. A yawancin kwangilolin gini, ɗan kwangila na da alhakin gyara duk aibin da ya bayyana cikin wata shida zuwa shekara bayan miƙa aiki, mai gida kuma kan riƙe wani ɗan kaso na kuɗinsa saboda haka. Aibin da aka sanar a rubuce da hoto cikin makonnin farko ya fi saurin samun gyara, domin ba daga aljihun mai gida zai fita ba.

Wuta da ruwa

Kamfanin AEDC ne ke rarraba wuta a Abuja. Hukumar NERC ta kasa layukan wuta gida biyar: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A daga kimanin N68 zuwa N225 kan kowane yunit, daga baya aka ɗan rage, amma bai sauko ƙasa da N200 ba. Sanin rukunin da gida yake kafin a shiga yana da muhimmanci kamar sanin kuɗin hayar kansa.

A tambaya ko kowane gida na da mitar kati tasa mai rajista da kamfanin wuta, ko kuwa mita ɗaya ce ga rukunin duka, masu kula da wurin na sayar wa mazauna a farashin da suka yanka. A tambaya ko akwai bashin wutar da aka sha lokacin gini. A ƙa'idar NERC, samar da taransifoma da turaku da wayoyi alhakin kamfanin rarraba wuta ne, amma a sababbin unguwanni an saba kiran taron mazauna a yi karo-karo, mai haya da zai tashi baɗi ya biya kuɗin kadarar da za ta ƙara wa gidan wani daraja.

Ruwan famfon gwamnati na zuwa ne daga madatsar ruwa ta Usuma da ke yankin Bwari, kuma bai kai ga dukkan sababbin unguwanni ba. Inda babu shi, rijiyar burtsatse ce madogara, ainihin gwajinta kuma watannin Fabrairu da Maris ne, lokacin da ruwan ƙasa ke ja baya, ga kuma duk gidajen sun cika da mutane.

Abin da doka ta ce

Dokar karɓe gida daga hannun ɗan haya da ke aiki a Abuja tana cikin kundin dokokin tarayya na 1990, tushenta kuma tun zamanin mulkin mallaka. Inda yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai hayar mako yana da notis na mako guda, mai hayar wata na wata guda, mai hayar wata uku na wata uku, mai hayar shekara kuma na wata shida. Bayan wa'adin ya cika sai a ba shi wata takardar ta kwana bakwai, mai sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Kotu ce kaɗai ke da ikon fitar da shi. Cire rufi, yanke wuta ko ruwa, sauya kwaɗo, ko turo 'yan daba duk saɓa doka ne, mai haya na iya neman diyya a kansu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta hana kama mutum saboda saɓanin yarjejeniya kawai.

Wannan sharaɗi na “inda yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba” shi ne ƙofar da lauyoyin masu gida ke bi. Suna rubuta hayar a matsayin ta wa'adi tsayayye na shekara guda, wanda in ya ƙare babu buƙatar notis na wata shida, sai na kwana bakwai kawai. Haka kuma, a ƙa'idar shari'ar da Najeriya ta gada daga Ingila, mai gidan da ya ba da hayar gida babu kayan ɗaki ba a ɗaukar cewa ya yi alƙawarin gidan ya dace da zama, sai in ya rubuta hakan.

Legas ta ɗan yi gaba. Dokar hayarta ta 2011, wadda Gwamna Babatunde Fashola ya sa wa hannu, ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, da tarar N100,000 ko ɗaurin wata uku, kodayake ta ware Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA. Abuja ba ta da irin wannan iyaka.

Wani sauƙi ya zo ta fuskar haraji. Sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta bai wa mai biyan haraji damar cire kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa na shekara, iyakarsa N500,000, daga kuɗin shigar da za a yi wa haraji. Ba kuɗi ne za a mayar masa a hannu ba, kuma sai da shaidar biya. Wannan ƙarin dalili ne na biya ta banki da karɓar rasit mai ɗauke da suna da adireshin gida da wa'adin da aka biya.

Abin da ya kamata yarjejeniya ta ƙunsa

Tun ran gini ran zane. Yarjejeniyar hayar sabon gida ta fayyace ranar da haya ta fara, da tsawon notis, da lokacin da za a sanar da ƙarin kuɗi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin wasu masu gida kan sassauta farashi a shekarar farko don su cika gini, su ɗaga shi da zarar mai haya ya zuba kuɗinsa a labule da sola da makarantar yara ta kusa. Ta raba gyara gida biyu: rufi, bango, bututan cikin bango, wayoyi da rijiya na mai gida; ƙwan fitila da abin da mai haya ya lalata da hannunsa nasa. Ta ba mai haya damar yin gyaran gaggawa ya cire daga kuɗin haya idan an sanar da mai gida bai yi ba. Ta faɗi kwanakin da za a mayar da kuɗin ajiya bayan tashi, ta kuma wajabta nuna lissafin kuɗin hidima. A haɗa mata jerin aibobin da aka gani ranar shiga, da hotuna, kowa ya sa hannu.

Idan saɓani ya taso, ba sai an fara da shari'a ba. Babbar Kotun Birnin Tarayya na da cibiyar sasanci tun 2003, ƙorafin wuta kuma yana da dandalin sauraron koke na NERC bayan an fara kai wa kamfani.

Wa zai gyara dokar

Sashe na 16 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa gwamnati manufar samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni mai kyau, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta ta a kan hakan. Abuja kuma ba ta da gwamna ko majalisar jiha. Bisa sashe na 299, Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka, birnin kuwa sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu kacal yake da su a cikinta. A 2022 ƙudirin Sanata Smart Adeyemi, mai neman a koma biyan haya wata-wata a Abuja, ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, amma wa'adin majalisa ta tara ya ƙare a Yunin 2023 bai zama doka ba.

Wannan na nufin dokar da za ta iyakance kuɗin gaba, ta ƙayyade la'ada, ta wajabta shaidar kammala gini kafin a saka ɗan haya, tana hannun sanatoci 109 da wakilai 360 da aka zaɓo daga Sakkwato zuwa Bayelsa. Matashin da ke neman ɗaki a Kubwa ko Lugbe na iya tambayar wakilin mazaɓarsa ta gida matsayinsa a kan wannan doka, domin ƙuri'ar wakilin tana cikin waɗanda za su yanke hukunci. Kafin nan, abin da ke hannun mai haya shi ne ya ga takardun fili, ya duba gidan da idon damina, ya kuma ƙi biyan ko kwabo sai an rubuta abin da aka faɗa masa da baki.